Muhawara Kan Ƙayyade Yawan Jifa A Wasan Softbol Na 'Yan Mata A Amurka

A makarantun sakandare na Amurka, idan yaro mai jefa ƙwallo a wasan besbol ya yi jifa sau ɗari da 'yan kai, doka ta tilasta wa mai horar da shi ya sauya shi, sannan ya hutar da shi na wasu kwanaki. Ƙanwarsa kuwa da ke irin wannan aiki a wasan softbol, tana iya yin jifa sau 300 a yini guda, gari ya waye ta sake komawa fili, ba tare da an karya wata doka ba.

Wannan bambanci ya daɗe yana haddasa muhawara tsakanin likitocin ƙashi, da masu horar da 'yan wasa, da iyaye, da kuma hukumomin wasanni na ƙasar. Muhawarar ta ƙara zafi ne tun bayan da ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ke yawo da yara daga wannan jiha zuwa waccan domin shiga gasanni, suka yi ƙarfi har suka soma shan gaban makarantu.

Lamarin ya shafi 'yan mata kimanin 340,000 da ke buga wasan a makarantun sakandare, kamar yadda alƙaluman Tarayyar Hukumomin Wasannin Sakandare ta Amurka, NFHS, suka nuna, ban da dubban ƙananan yara da ba su kai wannan mataki ba.

Yadda wasan yake

An ƙirƙiro wasan softbol ne a birnin Chicago a shekarar 1887, lokacin da wani ɗan jarida mai suna George Hancock da abokansa suka ɗaure safar dambe ta zama ƙwallo, suka riƙa dukanta da sandar tsintsiya a cikin wani zaure. Daga baya wasan ya fita fili, ya kuma samu ƙungiyarsa ta ƙasa a 1933, wadda a yanzu ake kira USA Softball, mai hedkwata a birnin Oklahoma.

Tsarinsa kusan ɗaya ne da na besbol. Kowane ɓangare na da 'yan wasa tara. Mai jifa za ta jefa ƙwallo, mai bugu ta yi ƙoƙarin dukanta da sanda, sannan ta ruga ta zagaye tashoshi huɗu domin samun maki. Ana yin zagaye bakwai a kowane wasa, kuma mai jifar da ta buga wasa daga farko har ƙarshe kan yi jifa kimanin sau 100.

Babban bambancin yana wajen jifan ne. Mai jifa a besbol yakan ɗaga hannu ya wurgo ƙwallon ta saman kafaɗa, daga kan wani ɗan tudu mai nisan mita 18 da rabi daga mai bugu. A softbol kuwa, mai jifa takan juya hannunta gaba ɗaya kamar juyawar fanka, ta saki ƙwallon ta ƙasa daidai ƙugunta, daga nisan mita 13 a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ƙwallon softbol ta fi ta besbol girma da nauyi, domin takan kai kusan giram 190, yayin da ta besbol ba ta wuce giram 150.

Duk da haka gudun ƙwallon ba na wasa ba ne. A watan Mayun 2025, Karlyn Pickens ta Jami'ar Tennessee ta jefa ƙwallon da ta yi gudun kusan kilomita 128 a sa'a guda. A irin wannan gudu, mai bugu ba ta da ko rabin daƙiƙa na yanke shawara. Wannan ne ya sa ƙungiyar da ke da ƙwararriyar mai jifa guda ɗaya take iya lashe gasa, ko da sauran 'yan wasanta matsakaita ne. Nan kuma tushen matsalar yake.

Wasan ya bunƙasa a tsakanin 'yan mata ne bayan 1972, shekarar da Shugaba Richard Nixon ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A wancan lokaci 'yan matan da ke wasanni a sakandare ba su kai 300,000 ba. Yanzu sun haura miliyan 3.

Darasi daga besbol

Su ma 'yan besbol ba da sauƙi suka amince da ƙidayar jifa ba. A 1974 ne Dokta Frank Jobe ya yi wa wani shahararren ɗan wasa mai suna Tommy John tiyatar dashen jijiya a gwiwar hannu, aikin da har yau ake kira da sunan ɗan wasan. Da farko manyan ƙwararru ne kaɗai ake yi wa wannan tiyata. To amma daga ƙarshen shekarun 1990, likitoci irin su Dokta James Andrews na birnin Birmingham a jihar Alabama suka soma ganin 'yan sakandare suna tururuwa zuwa asibiti da tsinkakkiyar jijiya.

Cibiyar nazarin lafiyar 'yan wasa ta ASMI, wadda Dokta Andrews ya kafa, ta shiga bincike. A wani rahoto na 2006, ta gano cewa matashin da ke jifa fiye da watanni takwas a shekara ya ninka sauran sau biyar wajen haɗarin kaiwa ga tiyata, wanda kuma ya saba jifa alhali hannunsa a gajiye yake, ya ninka su sau 36. Wani binciken da aka wallafa a 2011, bayan an bi yara 481 har tsawon shekaru 10, ya nuna cewa wanda ke jifa fiye da zagaye 100 a shekara ya ninka sauran sau uku da rabi wajen samun mummunan rauni.

Waɗannan alƙaluma ne suka sauya tunanin hukumomi. A 2007, ƙungiyar Little League mai shirya wasannin ƙananan yara ta fara ƙidayar jifa. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 ba zai wuce jifa 85 a rana ba, kuma idan ya kai 66, sai ya huta kwana huɗu. A 2014, hukumar gasar ƙwararru ta MLB da ƙungiyar besbol ta ƙasar suka fitar da jadawalin shawarwari mai suna Pitch Smart. Sannan a 2016, NFHS ta umarci kowace jiha ta kafa tata dokar ƙidaya daga kakar 2017. Akasarin jihohi sun tsayar da iyakarsu ne tsakanin jifa 100 zuwa 125 a rana.

Ba a ɗauki irin wannan mataki a softbol ba. Kundin dokokin NFHS bai ƙayyade yawan jifa ko yawan zagaye ba, haka ma na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA. Little League ce ta sa wata 'yar iyaka ga yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa: kada yarinya ta wuce zagaye 12 a rana, kuma idan ta yi bakwai ko fiye, ta huta kwana ɗaya. Zagaye 12 kuwa ya kusa wasa biyu cikakku.

Shin jifan ƙasa ba ya illa?

Hujjar da aka daɗe ana kafawa ita ce, juya hannu ta ƙasa ya dace da yadda aka halicci kafaɗar ɗan Adam, don haka ba ya gajiyar da ita kamar jifan sama. Shekara da shekaru masu horarwa suna gadar wannan magana daga magabatansu, iyaye kuma suna karɓa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin tsinkewar jijiyar gwiwar hannu da ta addabi 'yan besbol ba ta yawaita a tsakanin masu jifan softbol ba.

To sai dai binciken da aka gudanar tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa maganar ba ta tsaya nan ba. A 1998, masana a cibiyar ASMI suka auna ƙarfin da ke fizgar hannu daga kafaɗa a lokacin jifan fanka, suka tarar yana kaiwa tsakanin kashi 70 zuwa 98 cikin 100 na nauyin jikin mai jifar. Wata masaniya mai suna Sherry Werner, wadda ta nazarci hotunan bidiyo na masu jifa a gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta, ta samu kimanin kashi 80 cikin 100. Ma'ana, yarinya mai nauyin kilo 60 tana ɗora wa kafaɗarta fizgar da ta kusa kilo 50 a duk jifa guda. Wannan bai yi nisa da abin da ake aunawa a besbol ba.

A 2009, likitoci a asibitin Jami'ar Rush da ke Chicago suka gano cewa tsokar ƙwanji tana aiki ninki biyu a jifan fanka idan aka kwatanta da jifan sama. Jijiyar wannan tsoka kuwa a gaban kafaɗa take maƙale, daidai wurin da masu jifa suka fi kokawa da ciwo.

Kafin nan, wani bincike da aka wallafa a 2004 ya tuntuɓi masu jifa 181 na jami'o'i, inda 131 daga cikinsu suka ce sun samu rauni a kaka guda. Mafi yawan raunukan ba na faɗuwa ko karo ba ne. Irin waɗanda ke taruwa sannu a hankali ne saboda maimaita motsi ɗaya. Ban da kafaɗa, ƙugu da gadon baya da gwiwa su ma suna shan wahala, domin mai jifa takan zabura gaba ne ta dira da ƙarfi a kan ƙafa ɗaya.

Binciken da ya fi taɓa batun kai-tsaye shi ne na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a 2017. Masu binciken sun bi 'yan mata 14, masu shekaru 14 zuwa 18, a gasannin kwana biyu da na kwana uku. Sun tarar ciwo da gajiya suna ƙaruwa, ƙarfin kafaɗa yana raguwa daga safe zuwa yamma, kuma barcin dare ɗaya ba ya mayar da ƙarfin yadda yake. Wato yarinya takan fara wasan Lahadi ne da ragowar gajiyar Asabar. Jiki magayi, in ji masu iya magana.

Makaranta da ƙungiyar balaguro

Yarinyar da ta ɗauki wasan da muhimmanci a Amurka tana ƙarƙashin iyayengiji biyu ne, kuma kowanne da irin nauyin da yake ɗora mata.

Na farko ita ce makaranta. Kakar wasan sakandare ba ta wuce watanni uku, ana kuma buga wasanni 20 zuwa 30. A mafi yawan jihohi ana yin ta ne tsakanin Fabrairu ko Maris zuwa Mayu ko Yuni. Jihohi irin su Oklahoma, Georgia, Colorado da Nebraska suna yin tasu daga watan Agusta, yayin da Iowa ke yi a tsakiyar shekara. Wasannin a rarrabe suke, biyu ko uku a mako. Makarantu da yawa suna da jami'in kula da lafiyar 'yan wasa, kuma mai horarwa yana ƙarƙashin shugaban makaranta da hukumar jiha.

Matsalar makaranta ita ce ƙarancin masu jifa. Makarantar gwamnati tana amfani ne da ɗaliban da ke yankinta, kuma sau da yawa yarinya ɗaya ce tak ta iya jifan sosai. Ita za ta yi kusan kowane zagaye daga farkon kaka har ƙarshe, idan kuma ruwan sama ya sa aka ɗage wasanni suka taru a mako guda, ita ce dai za ta ɗauke su duka.

Na biyu ita ce ƙungiyar balaguro. Waɗannan ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, iyaye ke biyan kuɗi, ana kuma zaɓar yara ta hanyar gwaji. Suna shiga gasanni a ƙarƙashin hukumomi daban-daban, kamar USA Softball, USSSA, Triple Crown, Alliance, da kuma PGF wadda ke gudanar da babbar gasarta a garin Huntington Beach na jihar California. Kowace hukuma da nata kundin dokoki, kuma suna gogayya da juna wajen jan hankalin ƙungiyoyi, tunda kuɗin rajista ne ke riƙe da su.

Ƙungiyar balaguro takan samu masu jifa uku ko huɗu, abin da ya kamata ya rage nauyi. Amma tsarin gasannin nata ya bambanta. Ana cusa wasanni biyar zuwa takwas a cikin kwana biyu ko uku, sau da yawa cikin tsananin zafin watan Yuni da Yuli. A ranar ƙarshe ake shiga matakin sili-ɗaya-ƙwale ko makamancinsa, kuma a nan ne mai horarwa yake manta cewa yana da wasu masu jifa, ya maƙale wa gwanarsa. Sherry Werner ta taɓa ƙiyasta cewa mai jifa ɗaya tana iya yin jifa sau 1,200 zuwa 1,500 a gasar kwana uku, alhali takwaranta na besbol ba zai wuce 100 zuwa 150 ba.

Idan aka haɗa biyun, sai a ga babu lokacin hutu. Yarinya za ta gama da makaranta a watan Mayu, ta shiga balaguro har Agusta, ta sake wani zagayen balaguron daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan ta shafe lokacin sanyi tana atisaye a rufaffen zaure wajen malamin jifa da iyayenta ke biya. Babu wanda ke ƙidaya jifan atisaye, ko na ɗumama jiki kafin wasa. Mai horarwa na makaranta bai san abin da ta yi ranar Lahadi ba, na balaguro kuma bai san abin da ta yi ranar Alhamis ba.

Wasu jihohi sun yi ƙoƙarin raba lokacin. A California, ɗalibar da ke cikin ƙungiyar makaranta ba ta da izinin buga wa wata ƙungiya ta waje wasa a lokacin kakar makaranta. Wannan ya hana haɗa aiki biyu a mako guda, amma ya jefa wasu iyalai cikin tsaka mai wuya, har wasu ƙwararrun yara sukan haƙura da wasan makaranta baki ɗaya.

Kuɗi da gurbin jami'a

Abin da ke ba ƙungiyoyin balaguro ƙarfi shi ne neman gurbin karatu. Karatun jami'a a Amurka yana da tsada ƙwarai, kuma tallafin da ake ba 'yan wasa hanya ce ta rage wannan nauyi. Masu horarwa na jami'o'i ba sa samun sukunin zuwa kallon wasannin sakandare, domin kakar tasu ta zo daidai da ta akasarin makarantu. Sai su jira manyan gasannin balaguro, inda za su ga ɗaruruwan yara a wuri guda cikin 'yan kwanaki.

Sakamakon haka, yarinyar da ke jin ciwo a kafaɗa a ranar da wakilin wata babbar jami'a ke zaune a bakin fili, da wuya ta buɗe baki ta faɗa. Iyayen da suka kashe kuɗin jirgi da na masauki su ma ba lalle ba ne su so ganinta a benci. Cibiyar Aspen ta ƙiyasta cewa a 2024 iyali a Amurka sun kashe kimanin dala 1,000 a kan babban wasan yaro ɗaya, ƙarin kashi 46 cikin 100 a kan 2019. A manyan ƙungiyoyin balaguro, kuɗin yakan ninka haka sau da dama.

Kafin 2018, lamarin ya kai ga jami'o'i suna yi wa yara 'yan shekara 12 da 13 alƙawarin gurbi. A watan Afrilun shekarar ne NCAA ta haramta wa manyan jami'o'i tuntuɓar 'yar wasan softbol kafin ranar 1 ga Satumba ta shekararta ta uku a cikin shekaru huɗu na babbar sakandare. Matakin ya rage matsin lamba a kan ƙanana, amma ya tattara shi a kan watannin da ke gab da wannan rana.

Shekaru da dama, babbar jami'a ba ta da izinin raba fiye da cikakken tallafi 12 a ƙungiyar softbol. Wata yarjejeniya da kotu ta amince da ita a watan Yunin 2025 ta sauya wannan, inda jami'o'in da suka shiga tsarin za su iya tallafa wa 'yan wasa har 25. Duk da haka, NCAA da kanta ta ce kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai na 'yan wasan sakandare ke samun tallafin wasanni a jami'a.

Abin da ƙanana ke gani a wurin manya

Tarihin wasan cike yake da labaran jarumtar masu jifa da suka ƙi sauka. A 2007, Taryne Mowatt ta Jami'ar Arizona ta yi jifa sau 1,035 a wasanni takwas, ta kai ƙungiyarta ga lashe kofin jami'o'i. A gasar Olamfik ta 2008 a Beijing, Yukiko Ueno ta Japan ta yi jifa sau 413 a wasanni uku cikin kwana biyu, ta kuma doke Amurka da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe. Masu adawa da ƙidaya sukan yi nuni da cewa Ueno ba ta nakasa ba, domin ita ce ta sake jagorantar Japan ta lashe lambar zinariya a Tokyo a 2021, tana da shekaru 39.

Sai dai a 'yan shekarun nan an fara kallon irin wannan bajinta da wani ido. A gasar jami'o'i ta 2021, wani wasa ya kai har bayan ƙarfe 2 na dare saboda ruwan sama da cunkoson jadawali, abin da ya jawo suka daga masu horarwa. Daga 2022 NCAA ta tsawaita gasar zuwa kwana tara domin a samu hutu.

A 2025 hankali ya koma kan NiJaree Canady, wadda ta bar Jami'ar Stanford ta koma Texas Tech a 2024 bisa wata yarjejeniya ta fiye da dala miliyan 1. Ita ce ta yi duk wani jifa na ƙungiyarta, fiye da 600 a jere, har zuwa wasan ƙarshe da Jami'ar Texas ranar 6 ga watan Yuni. A wannan wasa aka ci ta maki biyar a zagayen farko, aka fitar da ita, Texas ta yi nasara da ci 10 da 4. Mutane fiye da miliyan 2 ne suka kalli wasan ta talabijin, kuma masu sharhi da dama sun danganta abin da ya faru da gajiya.

Manyan jami'o'i da yawa yanzu suna raba aikin ne tsakanin masu jifa uku ko huɗu. Dalilinsu bai tsaya ga lafiya kaɗai ba. Masu bugu sun ƙware, suna kuma nazarin bidiyo, don haka mai jifar da aka gani sau uku a wasa guda takan zama mai sauƙin karantawa.

Hujjar masu adawa

Waɗanda ba sa goyon bayan dokar ƙidaya suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce, binciken da aka yi a softbol ƙanana ne. Na Rush mutum bakwai ya auna, na St. Louis kuma 14. Babu wani dogon nazari irin na yara 481 da aka yi a besbol, wanda zai nuna daidai adadin da haɗari ke farawa. A ganinsu, kwaso alƙaluman besbol a ɗora wa softbol tamkar ba mara lafiya maganin wani ne.

Ta biyu ita ce halin da ƙananan makarantu za su shiga. Koyon jifan fanka yana ɗaukar shekaru, ba kamar jifan sama ba da kowane yaro ya iya tun yana ƙarami. Idan doka ta hana mai jifa ɗaya tilo fitowa, makarantar karkara za ta sa wadda ba ta iya ba, wasa ya lalace, ko ma a soke shi. Masu goyon bayan doka kuwa suna mayar da martani cewa dogaro da yarinya ɗaya shi ne ya hana a horar da wasu tun farko, kuma ranar da doka ta tilasta, masu horarwa za su nemo su.

Ta uku ta fi kowacce nauyi. Ikon NFHS da hukumomin jihohi ya tsaya ne a kan makarantu. Idan aka ƙayyade jifa a sakandare aka bar ƙungiyoyin balaguro, inda nan ne ake yin jifa mafi yawa a lokaci mafi ƙanƙanta, to ana tufka ne baya na warwarewa. Ita kuma hukumar balaguron da ta fara kafa doka ita kaɗai, tana fargabar ƙungiyoyi su guje ta su koma wajen abokan hamayyarta.

Wa zai riƙe lissafi?

A halin da ake ciki, abin da ake da shi shawarwari ne kawai. Ƙungiyar likitocin ƙashi masu kula da 'yan wasa ta Amurka, AOSSM, ta taɓa fitar da jadawali da ke cewa kada 'yar shekara 15 zuwa sama ta wuce jifa 100 a wasa guda, ko 140 a rana, kuma kada ta yi jifa fiye da kwana uku a jere. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar kuwa tana ba da shawarar kowane yaro ya huta kwana ɗaya ko biyu a mako, da kuma watanni biyu zuwa uku a shekara daga wasan da ya fi mayar da hankali a kai. Babu hukuncin da ke kan wanda ya ƙi bi.

Ita kanta ƙidayar ba ta da wuya a yau. Manhajar GameChanger, wadda ƙungiyoyi da yawa ke amfani da ita a wayar salula, tana rubuta kowane jifa da aka yi a wasa. Abin da ya rage shi ne a haɗa lissafin makaranta da na balaguro wuri guda, a kuma samu wanda ke da ikon cewa ya isa. Tunda babu hukumar da ke ganin ɓangarorin biyu, nauyin ya faɗa kan iyaye, su kuma su ne suka fi kowa zuba kuɗi da buri a cikin lamarin.

Masu lura da al'amuran wasan suna ganin matsin lambar zai ƙaru ne. A 2025 aka ƙaddamar da sabuwar gasar ƙwararru ta mata mai suna AUSL, wadda hukumar MLB ta zuba jari a cikinta. Wasan zai kuma koma Olamfik a 2028, bayan rashinsa a Paris a 2024, inda za a buga shi a birnin Oklahoma. Duk lokacin da kuɗi da suna suka ƙaru a sama, gogayya takan sauko har kan yara 'yan shekara 10.

A besbol, sai da likitoci suka shafe kusan shekaru 10 suna tara alƙaluma kafin Little League ta motsa, aka kuma sake shafe wasu 10 kafin makarantu su bi sahu. Abin jira a gani shi ne ko hukumomin softbol za su jira irin wannan dogon bincike, ko kuwa za su amince da wata iyaka ta wucin gadi da za ta haɗa makarantu da ƙungiyoyin balaguro, tunda dai kafaɗa ɗaya ce ke yi wa ɓangarorin biyu aiki.